Yatsan Gwaggo Dije a Kwalaben Tumatir

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ji, kun ga wata baiwar Allah a waya ta niƙa tumatir, ta ɗura a kwalba, ta rufe, ta yi murmushi, aiki ya ƙare kafin shayinku ya huce. Shi ya sa kuka hawo mota daga Kalgo har Gwandu, wai Baba Manu ya nuna muku sirrin yau ku koma gida da la'asar. Sannunku da ƙoƙari. Matar nan ta nuna muku ƙunar da ke hannunta? Ta gaya muku an taɓa kai ta ƙara gaban mai unguwa? To ni an kai ni, saura ƙiris na bar sana'ar nan gaba ɗaya, kuma sai kun ji labarin kafin ku taɓa mini murfi ko ɗaya.

Aikina na farko wankin kwalba ne, a Kalgo, wajen maigidana Malam Bawa, Allah ya jiƙansa. Shi ya taɓa aiki a wani kamfanin tumatirin gwangwani a birni. Da kamfanin ya rufe ya dawo gida da tari, da gilashin ido mai ƙafa ɗaya, da wani injin liƙe gwangwani na juyawa da hannu, wanda har ya rasu bai faɗa mana yadda aka yi ya biyo shi ba. Ranar da mahaifina ya kai ni, Malam Bawa ko kallona bai yi ba. Ya nuna mini buhun kwalaben mayonis da aka tsinto wajen masu shayi, ya nuna mini soso da toka da ruwan zafi. Na wanke har yatsuna suka yi fari fat. Ya zo yana ɗaukar su ɗaya-ɗaya yana sunsunawa. "Wagga an taɓa aje man kitso ciki. Wagga kananzir. Wagga kuwa, Manu, ban san mi anka aje ba, kuma ba ni son in sani. Sake." Haka na sake wanke buhun nan tun daga farko.

Shi Malam Bawa ba ya juya tukunya sai da tarihi. Yana riƙe da muciya mai tsayin mutum, hayaƙi na cika mana ido, sai ya fara. Wai can a ƙasar Faransa aka yi wani sarkin yaƙi wanda sojojinsa yunwa da ruɓaɓɓen abinci suka fi kashe su a kan abokan gaba. Aka yi shela a nemo dabarar da abinci zai daɗe bai lalace ba. Ba likita ya samo ba, ba janar ba, wani mai yin alewa ne. Ya ɗura abinci a kwalba, ya toshe, ya liƙe da kakin zuma, ya dafa kwalbar a ruwa. Abinci ya yi watanni lafiya. Aka tambaye shi dalili, shi kansa bai san da ƙwayoyin cuta ba, sai daga baya masu bincike suka gano su ne zafi ke kashewa, murfi kuma ya hana waɗansu shiga. Ingilawa suka ce kwalba na fashewa a jirgin ruwa, suka koma gwangwanin ƙarfe. A nan Malam Bawa yake tsayawa ya gyara gilashinsa, don ya zo wurin da ya fi so. "Sunka yi gwangwani, sunka manta ba su yi abin buɗewa ba! Shekara da shekaru, soja na jin yunwa, ga nama a hannu, sai ya nemo guduma da kurfi. Kuma su ne masu wayon duniya." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuma in karɓi muciya.

Injin nan nasa mun mora sosai. Ka ɗora gwangwani, ka ɗora murfi, ka juya hannu, bakin ya nannaɗe ya kama gam. Da gwangwanayen da ba a taɓa amfani da su ba suka yi wuyar samu, dole muka koma kwalba kacokan. Da na buɗe shagona a nan Gwandu ya ba ni injin gado tun yana raye. Ga shi can, hula nake ratayewa a kai.

Yanzu ku saurara, don wannan shi ne aikin. Tumatir na fadamar Diggi nake so, mai tsoka, ba mai ruwa tsululu ba, kuma a tsakiyar rani lokacin da ya yi yawa har manoma na zubarwa a bakin hanya. Ka tsince shi da hannu, wanda ya fara laushi ka ba awaki. Ka wanke, ka niƙa, ka zuba a tukunyar biki, ka yi ta juyawa har ya yi kauri. Yana tsalle yana ƙona ka, haka yake gaisuwa. Ka matsa lemun tsami, don tsamin nan na cikin abin da ke tsare shi. Kwalba tana da zafi, tumatir yana da zafi, haka ake haɗa su. Ka zuba mai zafi a kwalba mai sanyi, za ka ji abin da ake kira fashewa. Kada ka cika ta taf, ka bar mata wuri kamar faɗin yatsa. Ka goge bakin tas, ka sa sabon murfi. Kwalba ta tsufa yadda take so, murfi dai sabo. Sannan ka shimfiɗa buhu a gindin rabin duro don kada su yi ta karo da juna, ka jera su, ruwa ya haye kansu, a yi ta tafasa. Tsawon lokacin ya danganta da girman kwalba, wannan a bakin wuta zan nuna muku. Ka tsamo su ka ɗora a kan katako. Suna hucewa za ka ji murafe na ƙas, ƙas, suna lotsawa ciki. Wadda murfinta bai lotsa ba, miyar gidanka ce ta yau.

Nama kuwa, da kifi, da wake, kada ma ku soma. Tafasar ruwa ba ta isar su, sai tukunya mai matse tururi, kuma gubar da ke tsira a cikinsu wani lokaci ko wari ba ta yi. Wata Hajiya ta taɓa zuwa mini da farfesun kan rago a kula, wai in ɗura mata ta aika wa ɗanta da ke karatu a ƙasar waje. Na ce, "Hajiya, kina son yaron nan kuwa?" Ta ce in ba zan iya ba in ce ba zan iya ba. Na ce ba zan iya ba. Ta fita fuu ta manta kular, muka yi rana da ita ni da maƙwabtan shago.

To, mu zo kan shekarar tsutsa. Kun san ta, ko kuna yara kun ji iyayenku na kuka. Wata ƙaramar tsutsa ta faɗa wa gonakin tumatir, ta cinye ganye, ta huda 'ya'ya, daga Diggi har Dodoru babu gonar da ta tsira. Kasuwa ta koma sai ka ga tumatir ƙwaya uku a faranti ana gadinsa kamar zinariya. Mata suka koma miyar kuka da kuɓewa, maza suna ci suna tsaki. Ni kuwa Allah ya taimake ni na riga na ɗura da yawa tun farkon rani, kafin tsutsar ta iso. Shagona cike yake jawur daga ƙasa har rufi. Mutanen da da suke cewa Manu ya rasa sana'a sai wasa da kwalba, suka fara gaishe ni tun daga nesa.

A cikin wannan hali Alhaji Jabbi ya zo. Bafulatani ne na wajen Dodoru, manomi mai shanu, mutum mai magana ƙasa-ƙasa. Zai aurar da ɗiyarsa Ramatu a gidan Malam Haliru, tsohon gida na cikin garin nan, masu ji da asali. Yana son garar da za a kai ta zama abin labari, kada a ce ɗiyar daji ta zo da man shanu kawai. Ya dubi kantata sama da ƙasa ya ce, "Malam Manu, a shekarar ga, wanga ya fi atamfa." Ya kwashe fiye da rabin shagon. Na goge kowace kwalba har tana ɗaukar ido, na jera a kwali da ciyawa. Na ce masa, "Alhaji, ka gaya musu, kwalba in ba a buɗe ba ta kai baɗi. In an buɗe, a dafa ran nan." Ya ce in sha Allahu. Shi namiji, ni namiji, muka yi musafaha muna ganin mun gama magana.

An kai gara, gari ya ɗauka. Aka raba wa dangin ango kamar yadda aka saba, gida-gida kowa ya sami kwalbarsa, sauran amarya ta jera a kabat ɗinta mai gilashi tare da tangaran. Ni ina shago ina shan yabo.

Bazara ce, zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Ba a yi nisa ba aka fara. Ta farko a ɗakin amarya: ana zaune ana hira sai fau! Murfi ya daki gilashin kabat, ja ya wanke tangaran, baƙi suka fita ba takalmi. Kashegari ta wani gida ta yi kumfa ta malale a kan buhun gero. Amma wadda ta gama da ni ita ce ta Malam Haliru da kansa. Ranar Juma'a, ya ci ado da farar babbar riga mai aska, zai tafi masallaci, ya leƙa madafi yana tambayar me ke wari. Uwargidansa ta ɗauko kwalba ta nuna masa, ta ɗan murɗa murfin. Waɗanda suka gani sun ce daga hula har takalmi babu inda ya tsira, har cikin kunne. Ran nan a sahun baya ya yi salla da rigar barci.

Kafin la'asar na sami sabon suna. Yara na wucewa ta gaban shago suna ihu, "Manu Gurneti! Manu Gurneti!" su toshe kunne su ruga. Wasu suka ce ruɓaɓɓen tumatir nake ɗurawa, wasu suka ce jan ƙasa nake kwaɓawa da tsamiya. Wata mata da ke saye wajena tun da na buɗe shago ta aiko mini da kwalabenta a kan baro, mai turawa yana tafiya a hankali yana kau da fuska. Ba na ɓoye muku, na ji tsoro. Sana'ar nan ba ta da jari sai yarda. Mutum zai sa abin da bai ga yadda aka yi ba a cikin tukunyar 'ya'yansa don kawai sunanka. Sunan nan kuwa ga shi ana jan sa a ƙasa.

Alhaji Jabbi ya zo shago, bai zauna ba. Ya ajiye kwalba ɗaya daga cikin na amarya wadda ba ta kai ga fashewa ba, ya ce, "Ana yi wa ɗiyata dariya a gidan miji. Jibi mai unguwa na neman mu." Ya juya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai kwalbar gida da azahar, na fita tsakar gida na buɗe ta da dogon hannu. Ta yi huci ta lafa. Na leƙa. A tsakiyar tumatirin nan mai kauri ga wani rami, zurfinsa da faɗinsa daidai yatsan mutum. Na zauna ina kallon ramin nan. Ni ban sa yatsa ba. Tsutsa ba ta da yatsa. Matata Tumba ta zo da tuwo, ta leƙa ta kafaɗata, sai ta ajiye kwano ta fashe da dariya har tana dafa bango.

Na ce, "Ana kashe ni kina dariya?"

Ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganin inda anka karɓi gara ba a duba ba?"

Na ce ni ina na taɓa shiga wajen karɓar gara? Maza a waje muke, a miƙo mana alkaki mu ci mu tashi.

Sai ta zauna ta karanta mini. Ashe in an kawo gara, tsofaffin dangin ango ke zama a tabarma, a jere kaya a gabansu. Buhun shinkafa a kwance shi a zura hannu har gwiwar hannu. Garwar mai a buɗe a sunsuna. Alkaki a gutsura, nakiya a mintsina, man shanu a lakata. Abin da ba a buɗe aka taɓa ba, kamar an ce wa dangin amarya kayanku bai isa a kalla ba. Kuma a gidan Malam Haliru, mai wannan aiki tun kafin a haifi ango ita ce yayar shi Malam Haliru, Gwaggo Dije, wadda ko ƙullin gishiri ba ya wuce ta.

Na ce, "To mi ya hana ki gaya mini tun farko?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ran da nac ce in zo in taya ka shirya kwalin, ba cewa ka yi aikin injiniyoyi ne ba?"

Na miƙe zan tafi gidan mai unguwa a lokacin. Tumba ta riƙe mini riga. Ta ce in na kuskura na nuna Gwaggo Dije da yatsa a gaban maza, tsohuwar za ta ce ba ta san zancen ba, dangi duk su goya mata baya, ni in zama maƙaryaci a kan Gurneti, Ramatu kuma ta shiga uku a gidan, don ubanta ya kawo wanda ya zagi uwar gida. Na koma na zauna. Ga gaskiya a hannuna, ga rami ina gani, amma ba halin faɗa. Tuwon ranar ban san da me aka yi miyarsa ba.

Ranar zama zauren mai unguwa ya cika har waje. Malam Haliru ya zo da babbar rigar a leda, ya shimfiɗa ta a tsakiya don kowa ya gani. Alhaji Jabbi na gefe da sandarsa a kan cinya. Gwaggo Dije ma ta zo, don ta wuce shekarun da za a ce ta tsaya a bayan ƙofa. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, tana zaune a kan buzu tana goga goro a magogi.

Mai unguwa ya ce in yi bayani. Na yi, tun daga wankin kwalba har lotsawar murfi. Na so in kawo labarin mai alewar Faransa, ya ce in bar Faransa inda take. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwalbata in ba a buɗe ba ba ta lalacewa. In an buɗe an mayar, a zafin ga, dole ta tashi."

Ya ce, "To wa ya buɗe?"

Na dubi rufin zaure na ce, "Allah shi ya sani."

Malam Haliru ya ce a gidansa ba wanda ya buɗe, kowace kwalba da murfinta aka ajiye ta. Na saci kallon Gwaggo Dije. Goronta kawai take gogawa, ƙurus, ƙurus. Na ce a raina shi ke nan, Manu, ka fara tunanin sayar da rake.

Mai unguwa ya fara gyara murya zai yanke. Sai Malam Haliru, da yake haushin rigarsa bai gama fita ba kuma yana neman wanda zai ƙara sauke wa, ya juya wajen yayarsa. Wallahi ba ni na sa shi ba. Ya ce, "Yaya, ke ma da naki. Anka wakilta ki karɓar kaya, kinka karɓo muna ruɓaɓɓen abu ko dubawa ba ki yi ba. In tsufa ya zo a faɗa, a sa wata."

Magogin ya tsaya.

"Haliru, mi kac ce?"

"Cewa na yi..."

"Ni ce ban duba ba? Ni Dije?" Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba. Ta ɗaga yatsanta manuni sama, ta zagaya da shi zauren kowa ya gani. "Kwalba ɗaya ba ta wuce yatsan ga ba! Ɗaya! Tun hantsi nike zaune har azahar. Wasu ma gardama sunka yi, murfin ya ƙi, sai da anka kawo cokali anka ɓanɓare, kana ji suna fuss. Na buɗe, na sunsuna, na lakata, na lasa, na rufe da hannuna gam yadda nis same su. Har harshena ya yi tsami! Kuma lafiyarsu lau, kowace ɗaya, gishiri ne kawai bai ji ba. Ni za a ce ban duba kaya ba? Ni da nid duba garar uwarka... " Ta tsaya, don ta tuna uwarsu ɗaya. "Ni da nid duba garar matarka!"

Mai unguwa ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Alhaji Jabbi ya duƙufa yana nazarin sandarsa kamar yau ya fara ganin ta. Wani daga waje ya kasa, ya saki dariya ya ruga. Gwaggo Dije ta dubi wannan ta dubi wancan, a hankali ta gane abin da ta faɗa. Ta ɗauki buzunta ta fita, magogin ma a nan ta bar shi.

Mai unguwa ya ce ƙaddara ce, ba laifin kowa, a kai riga wajen mai wanki. Maza suka yi ta ba ni hannu. Malam Haliru ma ya ba ni, yana kallon wani wuri. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, na ce wa Tumba an wanke ni tas.

Ta ce, "Su wa sunka wanke ka?"

Na ce, "Manyan gari."

Ta ce, "Su ke miya?"

Haka kuwa aka yi. Maza sun yarda da ni, amma namiji bai taɓa sayen kwalbar tumatir don kansa ba. Labarin da ya shiga cikin gidaje shi ne Manu Gurneti ya sa an yi wa tsohuwa dariya a zaure. Da tsoron kwalba ake yi, yanzu an ƙara da fushi. Damina ta faɗi, lokacin da ya kamata a yi layi a ƙofata, ina zaune ina korar ƙuda daga kan kanta. A duk tsawon lokacin nan kwalba biyu na sayar, wa wata mata da ta rufe fuska, ta nannaɗe su a gyale kamar kayan sata. Na je Kalgo na gaya wa Malam Bawa, yana kwance lokacin ba lafiya. Ya ce a kamfani an koya musu komai ban da gwaggo. Na yi magana da ƙanin Tumba mai kai albasa kudu ya ɗauke ni yaron mota, da furfurata. Har na fara sauke kwalabe daga kanta ina zubawa a kwali.

Ranar kasuwa, ina duƙe cikin kwali, na ji hayaniyar layinmu ta ɗauke. Na ɗago. Gwaggo Dije ce tsaye a ƙofar shago da sanda, matar da rabonta da kasuwa tun ina wankin kwalba. Bayanta mata sun taru, masu daddawa sun bar daddawa, masu kuka sun bar kuka, kowa ta zo ganin yadda za a fasa mini kai. Na duba gefen farin gyalenta, ga wani jan tabo da wanki bai fitar ba.

Na durƙusa. "Gwaggo, ina wuni."

Ta juya wajen matan. "Ni ba a gaya mini magana in yarda, sai na duba. Na aiko anka sayo mini biyu. Ɗaya na buɗe na sa yatsa na rufe, ɗaya ban taɓa ba. Na tura su ƙarƙashin gado." Ta kama gefen gyalen ta ɗaga. "Ga ta yatsa. Har kazata ta samu. Ɗayar kuwa jiya nib buɗe ta, na yi miyar da Haliru ya nemi ƙari, ban ba shi ba."

Ta miƙo mini hannu. Na ɗauko kwalba daga kwali na ba ta. Ta murɗa, ta ƙi. Ta ba ni na ɓanɓare mata, ta yi fuss. Ta sunsuna, ta lakata, ta lasa, ta lumshe ido, kasuwa duk ana jira.

"Ku saya," in ji ta. "Amma duk wadda ta buɗe ba ranar miya ba, ko a gidan biki ko a gidan ubanwa, ni da ita. Ni kaɗai ke lasa, kuma ɗaya tak." Ta juyo kaina. "Kai kuma har yau ba ka iya gishiri ba."

Ta mayar da murfin, ta sa kwalbar a hammata ta juya. Ni kuma bakina bai san zaman lafiya ba. Na ce, "Gwaggo, kin buɗe ta fa, yau za ki dafa."

Ta tsaya, ta waiwayo, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Ni za ka koya wa?"

Matan suka buɗa mata hanya ta wuce. Kafin ta kai bakin layi, mai daddawa ta riga ta zura hannu cikin kwalin da na ɗaure don tafiya, tana tambaya ko akwai manya.